Mai Buga Masa Rubutu

Ni ce mai buga masa rubutu,
shekara goma sha tara, a shagon nan na Kasuwar Barci,
tsakanin mai wankin hula da mai gyaran fanka.
In an ɗauke wuta sai mu zauna,
shi yana fifita da babi na uku,
ni ina ɓarar gyaɗa.

Nadabo sunansa. Kafin alƙalami ya san shi
masaƙar Kakuri ta san shi da aikin dare:
inji na ruri, ƙurar auduga na sauka a girarsa
kamar furfurar aro.
A bayan takardar albashi ya fara,
da biro mai yoyo da akawu ya yar.
Yakan ce zare da zance uwarsu ɗaya,
ka ja da ƙarfi ya tsinke,
ka yi sake ya cukurkuɗe.

Ranar da aka garƙame ƙofar masaƙa
abokansa suka faɗa acaɓa,
wasu suka koma ƙauye noman citta.
Shi kuwa ya zo mini da baƙar leda
cike da takardu masu warin man inji,
ya ce, “Tasallah, nawa shafi?”
Na faɗa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Muka shirya a kan bashi.

Littafin farko kwafi ɗari biyar ne.
Ɗari uku ruwa ya ci a ɗakinsa na Kabala
shekarar da kogi ya haura gaɓa ya kwana a gidajen mutane.
Sauran ya shanya a kan kwano kamar kuɓewa,
ya sayar rabin kuɗi, shafuka a kumbure.
Har gobe akwai masu rantsuwa
wai wannan bugun ya fi daɗin karatu.

Mutanensa ba manya ba ne.
Direban bas mai tsallaka gada sau ashirin a yini
yana sauya gaisuwa a tsakiyar ruwa.
Nas ɗin da ta haddace sunan duk wanda ba a zo dubawa ba.
Bitrus mai walda da Iro mai shayi,
shekara bakwai ba sa ga-maciji a kan naira hamsin,
amma ranar da gari ya yamutse
ɗaya ne ya ɓoye ɗaya a bayan tulin gawayi.
Wani malamin jami'a ya rubuta a jarida
cewa littattafan ba su da alƙibla.
Nadabo ya yage shafin, ya naɗe ƙosai.

To, ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.
A littafi na shida, layin ƙarshe,
ya rubuta: ba ta dawo ba.
Wata huɗu ina ɗauke da matar nan a yatsuna,
na san tarinta, na san takalminta.
Na cire “ba” ta farko. Na cire ta ƙarshe.

Ya gani a gwajin bugu.
Ya zare tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar,
ya ce, “Inji ya ci zare biyu a nan.”
Bai gyara ba.
Shi ne littafin da aka ba lambar yabo.
Ya kawo mini turmin atamfa,
bai ce don me ba, ban tambaya ba.

Yanzu suga ya cinye masa ido.
Yara na karanta shi a waya, babi-babi,
ko sisi ba ya gani.
Jikarsa ke riƙo sandarsa zuwa shago,
ya zauna a bencin nan mai ƙafa uku da bulo,
yana faɗa ina bugawa.

Jiya ya tsaya a tsakiyar jimla.
Na ɗauka numfashi ne, na jira.
Mai fanka ya gwada fankarsa, takardu suka tashi.
Sai ya juyo da fuska inda yake zaton nake,
ya ce, “Ƙarasa mana, Tasallah, ai kin saba.”

Yatsuna na kan haruffa har aka kira la'asar.